Shawarar Wata: Kwamfuta mai buɗaɗɗen kwali, riba ce ko asara?



Wani manomi daga ƙasar Madarunfa ya aiko mana da tambaya. Ɗansa ya samu shiga jami'ar Maraɗi. An ce ya nemi kwamfuta, irin wadda ake ninkewa a sa cikin jaka. Uban ya saida sa guda, ya tafi kanti. Mai kanti ya nuna masa guda biyu iri ɗaya. Ta farko tana cikin kwali a liƙe. Ta biyu an buɗe kwalinta, an rage mata kuɗi. Mai kanti ya ce: "Alhaji, sabuwa ce, kwali kaɗai aka buɗe." Manomin yana tambaya: ya saya ko ya bari?

Ga amsarmu. Buɗe kwali ba aibi ba ne. Abin tambaya shi ne: wa ya buɗe shi, don me, kuma in ta lalace wa zai ɗauki asara?

Daga ina irin wannan kaya yake fitowa?

A ƙasashen Tarayyar Turai, doka ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet kwana 14 ya maida su in bai so, ko da lafiyarsu lau. Wani ya buɗe, ya ga ta yi masa ƙanƙanta, ya maida. Wata kuma an ajiye ta bisa tebur a kanti don masu saye su gani. Wata kwalinta ne ya yage a hanya. Kanti ba ya saida su da kuɗin sabuwa, sai ya rage. Ƴan kasuwa su saye, su kawo nan. Wanda ya dace da irin waɗannan ya yi sa'a.

Amma akwai wadda aka maida don tana da ciwo. Akwai kuma tsohuwa da ta yi shekaru tana aiki a ofis, aka goge ta, aka sa cikin kwali mai kyau. Kun san tsohuwar saniya da ake ba dusa kwana goma kafin ranar kasuwa. Daga nesa ta yi sheƙi. Mai wayo sai ya buɗe bakinta ya duba haƙora. To, kwamfuta ma tana da haƙoran da ake dubawa.

Abubuwa shida da za a duba

1. Lamba. Kowace kwamfuta tana da lambarta a ƙarƙashi. Ana rubuta lambar a jikin kwali kuma. A gwada su harafi da harafi. In sun bambanta, kwalin ba nata ba ne.

2. Garanti. Shi ne alkawarin gyara kyauta da kamfani yake yi, galibi na shekara ɗaya. Lissafinsa yakan fara ne daga ranar da aka fara saida ta, ba daga ranar da kai ka saya ba. Kamfanoni kamar HP, Dell da Lenovo suna da wuri a intanet inda ake sa lambar a ga ranar da garanti ya fara da ranar ƙarewarsa. Da wayar hannu ana iya dubawa. A sani kuma, garantin wata ƙasa ba kullum yake aiki a nan ba.

3. Batir. Shi ne yake fara tsufa. Wanda ya iya yana iya sa kwamfutar ta faɗi yawan wutar da batir yake riƙewa yanzu, da wadda yake riƙewa ranar da aka ƙera shi. In bambancin yana da yawa, ta sha aiki. In ka ga jikinta ya kumbura, kada ka saya. Zafin watan Afrilu da Mayu ba ya raga wa batir mai rauni, kuma a ƙauye ba kullum ake samun wurin caji ba.

4. Harufa. Wannan kai da kanka kana iya dubawa. Dubi layin harufa na sama. In ya fara da A Z E R T Y, na Faransanci ne. In ya fara da Q W E R T Y, na Ingilishi ne, irin na Najeriya da Amurka. Ɗalibin da yake rubutu da Faransanci zai fi jin daɗin na farko. Ana iya aiki da na biyu, amma da wahala a farko.

5. Kulle. Wata kwamfuta tana ɗaure da sunan mai ita na farko, ko ofishin da ta fito. Sai ta riƙa neman kalmar sirri da ba kowa ya sani ba. A kashe ta, a sake kunnawa gaban mai kanti, a shiga har ciki. Wadda ta ƙi buɗewa a bar masa abinsa.

6. Shekaru. Yawancin kwamfutoci suna aiki da wani tsari mai suna Windows. Windows 11 ya fito a 2021. Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya tsaida gyaran da ya saba aiko wa Windows 10. In an ce maka sabuwa ce, amma ba ta iya ɗaukar Windows 11, to tsohuwa ce.

Bayan wannan, a bar ta a kunne kamar awa ɗaya. A taɓa kowane harafi. A duba fuskarta ko da ɗigo ko zane. A saurari sautinta. A tabbata abin cajinta na asali ne. Ba a cinikin biri a sama.

Yanzu sai lissafi

A misali, mai kwali a liƙe jika 300 ce. In buɗaɗɗiyar jika 285 ce, kuma babu garanti, ragin bai kai ba. Ciwo ɗaya zai cinye shi, ga kuɗin mota zuwa birni, ga yinin aiki da ya tafi. In kuwa jika 240 ce, ta wuce dubawar nan shida, ragin ya yi amfani. Jika 60 ba wasa ba ce ga ɗalibi.

Amma ko nawa aka rage, kada ka fita kanti ba takarda. A rubuta sunan kanti, lambar kwamfuta, kuɗin da ka biya, ranar saye, da yawan kwanakin da za ka iya maida ta. Mai kanti ya sa hannu. A kasuwar dabbobi ba ma sayen sa ba shaida, balle abin da ba mu san cikinsa ba. Ka tafi da wanda ya san kwamfuta, mutumin da kai ka zaɓa, ba yaron mai kanti ba.

Saboda haka, ɗan'uwa na Madarunfa, koma kantin tare da ɗanka da wani masani. In mai kanti ya yarda a duba, ya yarda ya rubuta takarda, saya, ka riƙe sauran kuɗinka. In ya ce shi bai da lokaci, ko ya ce kaya in sun fita ba su dawowa, ƙara kuɗi ka ɗauki mai kwali a liƙe, ko ka nufi wani kanti. Kuɗin sa guda ne. Shekaru aka yi ana kiwonsa, kada ya tafi a yini ɗaya.

Sai wata mai zuwa.