Ba Kowane Zane Ne Lalle Ba

Tun kaka da kakanni matan Kabi da na ƙasar Gwandu suke daka ganyen lalle su yi ƙunshi ran Salla da ran buki. Masana sun binciki ganyen nan, suka tarar da wani sinadari a cikinsa mai suna lawson, daga sunan Isaac Lawson, likitan Sikotland wanda aka raɗa wa itacen sunansa a 1753. Sinadarin nan shi ke kama fata da farce ya rina su ja. Gwajin masana kuma ya nuna yana danne ƙwayoyin da ke kawo makero da ruɓewar tsakanin yatsun ƙafa, ciwon da masuntan Matan Fada da manoman shinkafar fadamar Rima suka san zafinsa.

To, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne baƙin lallen nan da 'yammata ke rububinsa a Birnin Kebbi da Argungu. Lalle na gaskiya ba ya yin baƙi wuluk, ba ya kuwa kamawa nan take, sai an ba shi sa'o'i. Baƙin nan galibi dayis ne na rina gashi, mai sinadarin PPD, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta yarda a shafa shi a fata ba. Yakan jawo ƙaiƙayi da bororo da tabo, wadda jikinta ya ƙi shi sau ɗaya kuwa, ya yiwu ya ƙi shi muddin rai.

Ko jan lallen ma yana da iyaka. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin sinadarin G6PD a jini, abin da ya yawaita a Nijeriya, musamman ga maza. Lawson yakan farfasa jajayen ƙwayoyin jininsu. Saboda haka kada a sa wa jariri lalle. In an riga an sa, aka ga idonsa ya yi rawaya, sai a garzaya asibiti.

Muna roƙon hukumar NAFDAC ta tilasta a rubuta abin da ke cikin kowane lallen da ake sayarwa. Ku kuma malaman makaranta da akawuna, ku isar da maganan nan ga almajiranku, da hakimai da dagatai, har ta kai ga masu ƙunshi a cikin gidaje. Amarya mai tabo a hannu, kwalliyarta ba ta biya kuɗin sabulu ba.