Tafiya Mabuɗin Ilmi Ce, In Baƙo Ya San Ladabin Gari

A cikin shekarar 2024 baƙi kusan miliyan 37 ne suka shiga ƙasar Japan, galibinsu don yawon buɗe ido, kuma da yawa daga cikinsu da mata da 'ya'ya suka je. A wurin mutumin Arewa mazaunin Sabo ta Ibadan, ko Agege, ko Fatakwal, wannan abu ne mai kama da wasa da dukiya. Ya san tafiyar fatauci, ya san ta neman karatu, ya san ta aikin Hajji, amma a ce magidanci ya kwashi iyalinsa ya ƙetare tekuna don kallo kurum, sai ya ce ai wannan aikin wanda kuɗi suka yi wa yawa ne. To, gaskiyar magana ita ce irin wannan tafiya makaranta ce, muddin an yi ta da niyyar koyo, aka kuma kiyaye ladabin masu gari. In babu waɗannan biyu kuwa, mai suka ya yi gaskiya, asarar kuɗi ce.

Sunan Japan ba baƙo ba ne a tashoshin mota da kasuwannin Kudu. Duk direba ya san Toyota, duk mai babur ya san Honda da Suzuki. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, mutanen da suka ƙera waɗannan kaya su ma da kallon ƙasashen wasu suka fara. A watan Disamba na 1871 gwamnatinsu ta tura wani babban ayari ƙarƙashin Iwakura Tomomi, ya zagaya Amurka da ƙasashen Turai har zuwa Satumba ta 1873. Sun shiga masana'antu da makarantu da kotuna da gidajen yari, suna kallo suna rubutawa, har magatakardan ayarin, Kume Kunitake, ya fitar da littafi mai juzu'i 5 a 1878. Suka ɗauki abin da zai amfane su, suka riƙe harshensu da ɗabi'unsu.

Daɗin daɗawa, ayarin nan har da yara ya tafi. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar shekara 6 mai suna Tsuda Umeko, wadda ta zauna karatu a Amurka, ta komo gida a 1882, ta kafa makarantar ilmi mai zurfi ta mata a 1900. Hotonta ne aka buga a takardar kuɗinsu ta yan 5,000 da aka fitar a 2024. Wannan ya isa amsa ga mai cewa yaro bai san komai ba, a bar shi gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, me iyali zai gani in ya je? Zai shiga jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya da ake kira Shinkansen, wanda aka buɗe ran 1 ga Oktoba 1964 tsakanin Tokiyo da Osaka, tazarar kilomita 515. Gudunsa abin mamaki ne, amma abin da ya fi kyautuwa uba ya nuna wa ɗansa yana bakin dandamali: mutane a jere cikin layi ba turereniya, ba ɗan kamasho mai fizgar kaya, ga masu shara suna gyara jirgi cikin kamar minti 7, su fito su rusuna wa fasinja. A masauki irin na gargajiya, tun daga bakin ƙofa ake tuɓe takalmi kafin a taka tabarmarsu, a kuma zauna a ƙasa a ci abinci, abin da Bahaushe ba sai an koya masa ba. A kan titi kwandon shara ƙalilan ne, duk da haka gari fes, domin kowa da shararsa yake komawa gida. Dalili kuwa, tun daga firamare yara ne ke share ajinsu da hannunsu. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya sami darasin da wa'azin shekara ba zai ba shi ba. Gani ya kori ji.

Akwai kuma abin da ke sanyaya jiki. A birnin Hiroshima, inda Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya ran 6 ga Agusta 1945, an buɗe gidan tarihi a 1955, inda aka ajiye ƙonannun tufafin 'yan makaranta da agogon da ya tsaya a kan ƙarfe 8 da minti 15 na safe. Duk uban da ya taɓa ganin tashin hankali a garin da yake ci-rani ya san amfanin tsayawa da 'ya'yansa a irin wannan wuri, ya gaya musu abin da fitina ke haifarwa.

Sai dai fa ba duk mai zuwa kallo ne ke zuwa koyo ba, kuma Japanawa sun gaji da wasu baƙin. A Kiyoto, wadda ta yi fiye da shekara dubu tana babban birnin ƙasar, mazauna unguwar Giyon sun hana masu yawon buɗe ido shiga lungunansu a 2024, saboda yadda ake bin matan nan masu kiɗa da rawar gargajiya, watau geisha, ana tare musu hanya, ana ɗaukarsu hoto ba izni. A shekarar nan dai wani ƙaramin gari, Fujikawaguchiko, ya kafa baƙin labule na 'yan watanni don ya kare Dutsen Fuji daga masu cika titi suna neman hoto. Abin kunya ne a ce mai gida ya ɓoye adon gidansa don gudun baƙo. Mutumin Arewa da ke zaune a ƙasar Yarbawa ko ta Ibo ya fi kowa sanin wannan, domin ya sha ganin yadda rashin ɗa'ar mutum guda ke ja wa unguwa duka baƙin jini.

Girmama mai gari kuma bai zama haɗiye duk abin da ya ajiye ba. Romon taliyarsu sau da yawa da ƙashin alade ake yinsa, kuma giyar shinkafa tana shiga cikin miyarsu, saboda haka tilas Musulmi ya yi tambaya kafin ya ci. Wuraren wankansu na ruwan ɗumi tsirara ake shiga, maza daban mata daban, wanda bai yarda ba sai ya nemi ɗakin wanka na iyali. Wuraren ibadarsu a shiga cikin natsuwa, a kalla, a fito ba tare da ba'a ba. Mai neman masallaci kuwa akwai na Kobe, wanda aka gina a 1935, da babban masallacin Tokiyo da aka sāke ginawa a 2000.

Saura maganar kuɗi, kuma ba ƙarama ba ce. Sai da biza, babu kuma jirgin da ke tashi daga Nijeriya kai tsaye, sai an yada zango a hanya. Wanda bai biya kuɗin makarantar 'ya'yansa ba, ko rufin gidan iyayensa na yoyo, ba shi da hujjar zuwa Tokiyo. Amma rashin kuɗin jirgi bai hana buɗe ido ba. Mutum nawa ne suka shekara ashirin a Kudu ba su taɓa kai iyalinsu Dutsen Olumo na Abeokuta ba, ko gidan tarihi na Onikan a Ikko, ko Badagiri inda aka yi cinikin bayi? Yaran da aka haifa a waɗannan garuruwa sun cancanci su san tarihin mutanen da suke zaune da su.

Wanda Allah ya hore wa, ya tafi da iyalinsa, ya tafi da littafin rubutu kamar yadda ayarin Iwakura ya yi. In ya komo, 'yan'uwa su tambaye shi abin da ya sāke a gidansa da rumfarsa. Wannan ita ce tsarabar da za a auna tafiyar da ita.