Raddi ga masu cewa ƙarin na'ura ba ya da iyaka

Akwai masu da'awar cewa tsarin aika kuɗi ta waya zai ɗauki dukan jama'ar gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji ba tare da tangarɗa ba muddin ana ƙara na'urori, domin a ganinsu duk aikin da aka raba wa kwamfutoci masu yawa, suna tuntuɓar juna ta rezo, zai yi ta faɗaɗa yadda ake so. Hujjojinsu uku ne, kuma babu wadda ta tsaya da ƙafarta.

Ta farko, sun ce kwamfuta 100 za su ninka aikin guda ɗaya sau 100. Gene Amdahl ya rushe wannan tun 1967, inda ya nuna cewa sashen aikin da ba ya rabuwa shi ke yanka wa sauran iyaka: idan kashi 5 cikin 100 tilas a yi shi bi da bi, saurin ba zai wuce ninki 20 ba ko da an tara na'ura 1,000. Cire kuɗi daga asusu ɗaya yana cikin wannan sashe, tunda sai an gama rubuta ragowar wata cira kafin a shiga ta gaba. Ga kuma nauyin daidaita bayani, domin idan kowace na'ura za ta tuntuɓi kowace, na'ura 10 na da hanyoyi 45 a tsakaninsu, amma 100 na da 4,950.

Ta biyu, sun ce kowane reshe zai ci gaba da aiki ko rezo ya ɗauke. Eric Brewer ya kawo ƙa'ida a 2000, wadda Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar a 2002, cewa idan sadarwa ta yanke, tsari ba zai haɗa amsa wa kowa da daidaiton lissafi ba. Wakilin aika kuɗi da ke Agye ranar kasuwa, idan ya kasa samun cibiyar tsarin da ke Yamai, ko dai ya ce wa mai buhun gero ya dakata, ko ya ƙirga masa jika 20 da wataƙila an riga an cire a Maraɗi.

Ta uku, sun ce rarraba aiki na kawar da dogaro ga abu ɗaya. Sun manta cewa na'urori na iya rarrabuwa alhali wutarsu daga layi ɗaya take, domin layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa shi ke ciyar da Maraɗi da Damagaram, kuma da Nijeriya ta yanke wuta a Agusta 2023, yankin gaba ɗaya ya ji a jikinsa.

Saboda haka mai tsara irin wannan aiki ya fara auna sashen da ba ya rabuwa, ya yanke abin da wakili zai yi idan rezo ya ɗauke, ya tanadi wutar ko-ta-kwana, sannan ya shiga cinikin na'ura.