Kafin a sayo mana kwamfuta, a tambaye mu darasin

Shekara 11 ke nan ina koyar da lissafi da kimiyya a wata ƙaramar sakandare cikin ƙauyukan Dambatta, inda gona ke manne da gona, ba saura, ba filin da ake bari ya huta, sai gawo da ɗorawa da kuka a tsakanin kunyoyi. Ajina na biyu yana da yara 70. Wutar lantarki ba ta iso mu ba. Idan aka ce darasin kwamfuta, abin da yaranmu suka sani shi ne malami ya ɗauki alli ya zana akwati a allo, ya rubuta sunayen sassanta, su kwafa su haddace. Na san yaron da ya ci maki 90 a wannan darasi alhali bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba.

Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2024 kuma WAEC ta fara tata da masu zana jarrabawa na ƙashin kansu. Yaron da ke gabana yau, nan da shekara huɗu zai zauna gaban na'ura a Kano ko Bichi, lokaci na ƙurewa, shi kuwa yana laluben inda zai danna. Saboda haka ba na cikin masu cewa a bar mu da allo da alli. Abin da nake ja da shi shi ne inda ake fara maganar. Kullum daga kaya ake farawa: guda nawa za a sayo, wa zai kawo, yaushe za a yi bikin miƙawa. Ba mai tambayar malamin aji me zai koyar da su ranar Litinin da safe.

Wasu sun riga mu bin wannan hanya. Ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka ta raba wa yaranta ƙananan kwamfutoci fiye da 800,000. Da aka bi sawu a makarantun karkara, binciken da ya fito a 2012 ya nuna yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu na lissafi da karatu yana nan inda yake. An kai kaya, ba a kai darasi ba.

Bara da kaka, bayan an kwashe gero an ɗaure kara, na zo kan darasin auna faɗin fili. Shekara da shekaru ina rubuta ƙa'idar a allo, yara su maimaita da ƙarfi, mako na zagayowa ta gudu. Sai na je wurin wani dattijo mai gona a bayan makaranta, na gaishe shi na ce, "Baba, aron gonarka muke so na awa ɗaya, auna ta za mu yi." Ya ce, "Malam, ku auna mana. Ni dai abin da na sani shi ne mangala nawa na taki take ci."

Na raba yaran rukuni bakwai. Shida na ba su igiya mai ƙulli a kowace mita, na bakwai kuma na ba su wayata, wadda na sa wa wata manhaja da ke bin sawun mutum idan ya zagaye fili ta faɗi girmansa. Masu igiya suka auna tsawo mita 60, faɗi mita 40, suka ninka, suka samu murabba'in mita 2,400. Masu waya suka dawo da 2,260. Nan fa gardama ta kaure. Wasu suka ce ai waya ba ta ƙarya, wasu suka ce igiya a hannunsu take, da idonsu suka ƙirga ƙulli. Na yi shiru, na ƙyale su. Can sai wata yarinya da ba ta cika magana a aji ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, gonar ta tsuke ta wajen tsamiyar can, ba daidai take da nan ba." Muka koma muka auna wancan gefen, sai ga mita 36. Da karan dawa muka zana gonar a ƙasa, muka yanka ta gida biyu, mai kusurwa huɗu da 'yar siririyar alwatika a gefe. Lissafi ya ba da 2,280. Ragowar 20 ɗin da ke tsakani ya ba ni damar gaya musu cewa ita ma wayar takan kauce da 'yan mitoci, musamman a ƙarƙashin itace, don haka ba a karɓar amsarta ido rufe.

Minti 15 kacal wayar ta yi a hannun yara. Aikinta shi ne ta kawo amsa ta biyu wadda ta saɓa wa tasu, saɓanin kuma ya tilasta musu tunani. Ƙa'idar alwatika da na sha fama da ita, ran nan ta zauna. Tun daga lokacin, kafin in shirya kowane darasi nakan tambayi kaina: me wayar nan za ta nuna wanda allo ba zai iya ba? In babu amsa, tana aljihu har a tashi.

Wani lokacin amsar ƙarama ce. A darasin tsirrai mun tumɓuke dawa da wuta-wuta a jikinta, muka wanke saiwar, muka ɗauki hoto muka ƙara girmansa, yara suka ga daidai inda ciyawar ta kafa baki tana tsotse abincin dawar. Duk sun san wuta-wuta tun suna goye, amma ba su taɓa ganin yadda take kisa ba. Abokin aikina mai koyar da Hausa kan naɗo muryar tsofaffi suna tatsuniya, ya kunna a 'yar sifika, yara su rubuta abin da suka ji, sannan a gyara ƙa'idar rubutu tare.

Ba daga farko na gane haka ba. Ranar da na fara, bidiyon zagayawar jini na kunna, na ɗaga wayar sama. Yara suka yo caa, manyan maza suka mamaye gaba, na baya ba su ga komai ba, 'yan mata kuwa suka koma gefe suka zauna. Darasin minti 40 ya tafi a tsawatarwa. Yanzu wayar ce ke zagaya rukuni-rukuni, kowane rukuni da tambayarsa a rubuce, sauran kuma suna da aikin yi kafin ta iso su. Kuma yarinya nake fara miƙa wa. A gidajenmu waya ta uba ce ko ta yaya, namiji yakan samu ya taɓa a shagon caji ko a dandali, ita kuwa in ba a makaranta ba, babu inda za ta riƙe ta da sunan karatu.

Iyaye suna da tsoro, kuma tsoronsu yana kan hanya. Sun ga abin da waya ta yi wa samarin gari, dare ya raba suna kan TikTok. Shi ya sa ba na cewa yaro ya zo da waya makaranta, kuma a taron iyaye da malamai nakan nuna musu ainihin abin da muka yi da tawa.

Sai maganar kuɗi. Data daga aljihuna take fita, cajin ma biya nake a shagon mai sola. Abin da zan nuna, sai na shiga Dambatta inda sabis ke da ƙarfi in sauke shi. Akwai manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a watan Maris na 2022, tana da darussa masu amfani, amma sai malami ya zauna ya tace, ya zaɓi minti biyar ɗin da suka dace da ajinsa. Wannan zaman shi ne aikin, kuma shi ne ba a koya mana ba.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024. Shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Kano ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shige shi, yana da ɓangaren koya wa 'yan mata amfani da na'ura. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi kusa da mu. Roƙona shi ne horon malamai ya baro ɗakin taro na birni ya zo aji, mai horarwa ya zauna a bayan yara 70, ya ga darasina, mu gyara shi tare. A ba kowace makaranta farantin sola da batir da ƙaramin majigi da sifika, da ɗan kuɗin data, da wanda za a kira in abu ya lalace, domin tsoron lalacewa ne ke sa a kulle kaya a ofis har ƙura ta cinye su. Kwamfuta kuma ko guda 10 ce a kawo, a tsara layi, yadda babu yaron da zai gama aji uku bai rubuta sunansa da yatsunsa a kanta ba.

Bayan kwana biyu da awon gonar nan, Baba mai gonar ya tare ni a bakin hanya. Jikansa ya gaya masa gonar ba ta kai rubu'in hekta ba, har ya lissafa masa abin da za ta ci daga buhun takin zamani mai kilo 50. Tare yake da maƙwabcinsa, wanda gonarsa ke da lungu har biyar, yana so a auna masa. Na ce su bari a kwashe amfani. Na riga na sa ta a tsarin darasin zango mai zuwa, kuma yarinyar da ta hango tsukewar gona ita za ta riƙe wayar.