Tsohon Akwatin Katako da Matsayinsa a Gidan Bahaushe

A tsofaffin gidaje na ƙasar Hausa ba a rasa wani akwati na katako da ke ajiye a ƙarƙashin gadon tsohuwa ko a kusurwar turakar maigida. Wani an yi masa ado da ƙusoshin tagulla, wani an zana masa dagi a murfi, wani kuwa babu komai a jikinsa sai sheƙin da hannu ya bar masa. A cikinsa ake adana zannuwan saƙi da turare da takardun gona da na gida. Idan mai shi ya rasu, magada kan ɗauke shi a matsayin tarkace. Ko dai a jefa shi cikin zaure gara ta cinye, ko a sayar wa dillalan tsofaffin kaya, su goge shi su kai wa masu ƙawata falo da otal. Haƙiƙa duka hanyoyin biyu asara ce, domin darajar irin wannan akwati tana tattare ne da labarin gidan da ya zauna a ciki, ba da katakonsa kawai ba.

Wani zai iya cewa ai akwati ba kayan Bahaushe ba ne tun asali, don haka ɓatansa bai rage wa al'ada komai ba. Akwai ƙamshin gaskiya a farkon wannan magana. Masassaƙin gargajiya da gizago yake aiki, kuma daga gungume guda yake fitar da turmi da akushi da kujera da allo. Haɗa falankai da ƙusa a yi musu murfi aikin kafinta ne, kuma sana'arsa ta bunƙasa ne a zamanin Turawa, musamman bayan da layin dogo ya iso Kano a 1911, katakon kurmi ya sami hanyar zuwa Arewa cikin sauƙi. Kafin nan, adudu da lefe da sauran kayan saƙa su ne ma'ajin tufafi. To amma baƙuntar akwati ita ce ma ta sa ya cancanci nazari, domin sunayensa kaɗai sun isa su nuna hanyoyin da Bahaushe ya bi wajen cuɗanya da maƙwabtansa.

A duba kalmar “akwati” ita kanta. Ta samo asali ne daga kalmar Yarbanci “apoti”. Harafin “p” na rubutun Yarbanci yana wakiltar sautin da ake furtawa da leɓɓa da hanɗa a lokaci guda, wato “kp”. Hausa ba ta da wannan sauti, saboda haka sai ta musanya shi da mafi kusa da shi a cikin nata, wato “kw”. Irin wannan sauyi ne ya samar da “kwano”, kalmar da tushenta Ingilishi ne amma ta biyo ta bakin Yarabawa. Sai kuma “adaka”, wadda a yau tsofaffi ne kawai suka fi riƙe ta. Har gobe da wannan suna ake kiran akwati a harshen Ashanti na ƙasar Gana, kuma ba abin mamaki ba ne a tsince ta a Hausa idan aka tuna da fataken da suka yi ta zirga-zirga zuwa Gwanja da kasuwar Salaga domin sayo goro. “Sanduƙi” daga Larabci take, ta hanyar malamai da littattafai. “Fantimoti” kuwa Turawa ne suka zo da ita. Ke nan abu guda ya tara sunaye huɗu daga kafofi huɗu, kuma da wuya malamin Hausa ya sami misalin da ya fi wannan dacewa idan ya zo koyar da ararrun kalmomi.

Haka abin yake ta fuskar ma'ana. Lefe a da sunan wani ma'aji ne da ake saƙawa da kaba, wanda ake zuba kayan da ango zai kai gidan amarya. Ma'ajin ya yi ta sauyawa, aka yi yayin kwalla, aka yi na akwatin katako da na ƙarfe, har aka iso ga jerin akwatunan kanti na yau, amma sunan bai gusa ba. Sai ma ya tashi daga kan mazubi ya koma kan kayan da ke ciki. Ɗalibin da bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan tsofaffin ma'ajiyai ba haddar wannan bayani kurum zai yi.

Ba Hausawa kaɗai ne suka haɗa akwati da aure ba. A Italiya ta ƙarni na 15, manyan gidaje kan sa a ƙera wa amarya dogon akwati mai zane, kuma da yawa daga cikinsu suna gidajen tarihi na Turai a yau. A Oman da Zanzibar ma an san akwatin amarya mai adon tagulla. Abin lura shi ne, a kasuwar tsofaffin kaya ta duniya, akwatin da aka san mai shi da garinsa da zamaninsa ya fi wanda ba a san asalinsa ba daraja. Magajin da ya sayar da akwatin kakarsa ba tare da labarinsa ba ya yi asara har ta fuskar kuɗin da ya hanga.

Doka ba za ta yi wa gidaje wannan aiki ba. Doka ta 77 ta shekarar 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta Nijeriya, ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba da izini ba, kuma cikin abin da ta kira kayan tarihi akwai aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918. Galibin akwatunan da ake magana a kansu ba su kai wannan shekaru ba. Gidajen tarihi irin Gidan Makama na Kano kuma ba za su iya ɗaukar akwatin kowane gida ba. Saboda haka nauyin adana su ya rataya ne a wuyan iyalai.

Nan ma akwai kuskuren da masu kyakkyawar niyya kan yi. Da zarar an yi sha'awar fito da akwatin falo, sai a kira mai fenti ya lulluɓe shi da sabon launi, ko a cire tsohon makullinsa a sa na zamani. Yin haka tamkar shafe rubutun allo ne kafin a karanta. Abin da tsohon katako ke bukata kaɗan ne: a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da danshin damina, a nisanta shi da rana da iskar hunturu mai tsaga itace, a riƙa share shi da busasshen ƙyalle. Mafi alheri kuma a ci gaba da ajiya a cikinsa, domin akwatin da ake buɗewa kullum shi ake saurin ganin ɓarnarsa.

Malamin da ke shirin shiga aji yana da rawar da zai taka, kuma ba ta bukatar ko sisi daga asusun makaranta. Ba sai ya sa yara sun ɗauko akwatin gidansu zuwa makaranta ba, don tsofaffi ba za su yarda ba, kuma suna da hujja. Ya tura su su zauna gaban kakanninsu su tambaya: da wane suna take kiransa, a auren wa aka kawo shi, kafintan wane gari ne ya haɗa shi, da maɗaci aka yi shi ko da wani icce, me aka fara ajiyewa a ciki. Kowane yaro ya rubuta amsoshin cikin daidaitacciyar Hausa sau biyu. Takarda ɗaya ya kawo wa malam a duba ƙa'idojin rubutu, ɗayar kuma a liƙa ta a cikin murfin akwatin, da sunan wadda ta ba da labarin da shekarar da aka rubuta.