Daga Accra Zuwa Jidda: Nisan Taswira Daban, Na Tikiti Daban

A wannan wata za mu yi ɗan lissafi ne, musamman ga mutanenmu na Kotobabi, Nima da Maamobi masu shirin tura iyayensu Umra.

Daga Accra zuwa Jidda, in jirgi ya miƙe sak, kimanin kilomita 4,600 ne, wato tafiyar wajen awa shida. Kakanninmu da suka bi ta Cadi da Sudan a ƙafa har bakin Bahar Maliya, shekaru suke yi a wannan hanya.

To amma ba kowane tikiti ne ke miƙewa ba. Wanda ya bi ta Adis Ababa zai ci kusan kilomita 5,700. Wanda ya bi ta Dubai kuwa, sai ya yi 6,300 ya wuce Makka can gabas, sannan ya dawo baya da wasu 1,700. Jimla 8,000 ke nan, ban da zaman jiran jirgi na biyu.

Matashi zai jure. Tsohuwa mai ciwon suga ko hawan jini, wadda ba ta jin Turanci balle Larabci, fa?

Saboda haka kafin ku biya ejan, ku tambaye shi: ta ina za a bi, awa nawa ne jira, kuma wa zai raka ta? Ku tuna agogon Saudiyya ya riga namu da awa uku, don lokacin shan magani. Araha ba ta ado.

Allah ya kai su lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai wata mai zuwa.