Mataccen batir a tsakiyar unguwa: ina dalmarsa take zuwa?

Tun da Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, gidaje da shaguna da yawa a Yamai, Maraɗi da Damagaram suka koma ga sola. Wutar ta dawo a 2024, amma allunan sun zauna a kan rufi, kowane da batirinsa. Masu arahar na dalma ne, irin na mota da babur, kuma zafin ƙasarmu ba ya barin su su daɗe. Da batir ya mutu sai a saida wa ƴan gwangwan, galibi a fasa shi da hannu, a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili.

Idan ana zancen gubar dalma, Zamfara ake tunawa, inda yara fiye da 400 suka rasu a 2010 saboda niƙan duwatsun zinariya a cikin gidaje. Shi ya sa ɗan birni ke ganin matsalar ta ƙauyukan haƙar ma'adinai ce. Abin da ya faru a Senegal ya fi kama da halinmu. A unguwar Ngagne Diaw ta Thiaroye, gefen Dakar, an shekara da shekaru ana fasa batura. Da kuɗin dalma ya tashi, mata suka shiga tankaɗe ƙasar wurin suna tsince ɓurɓushinta, har suna kai buhuna gida. Tsakanin Nuwamban 2007 da Maris ɗin 2008, ƙananan yara 18 suka mutu.

Yaro ya fi kowa shiga haɗari: yana rarrafe, hannu kullum a baki, kuma cikinsa na tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba. Mai fama da tamowa ko ƙarancin jini ya fi tsotsa, kuma ba sai an gaya wa mutumin Maraɗi yawan irin waɗannan yara ba. Idan gubar ta yi yawa takan zo da amai da jijjiga, sai a ɗauka masassara ce ko sanƙarau. Idan kaɗan ce babu alama. Yaron dai zai tashi ba ya riƙe karatu, a lakwal a ce masa daƙiƙi, alhali ƙwaƙwalwar ce ta taɓu, kuma magani ba ya maido da abin da ya lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadin dalma a jini da ba shi da illa. Rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya na ɗauke da ita fiye da kima.

Hana sana'ar ba zai yi aiki ba, ɓoye ta kawai zai yi a bayan gidaje. Abin da ke hannun magadan gari shi ne fitar da wuraren fasa batir daga unguwanni, da tilasta wa masu shigo da batura karɓar tsofaffin. Ma'aikatar kiwon lafiya kuma ta fara gwada jinin yaran da ke kusa da garejoji, don awon jini kaɗai ke nuna gubar.

A gida, mai wannan aiki ya bar tufafi da takalmansa a wurin aiki, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro. Kwallin dutse da ake ɗiga wa jarirai shi ma sau da yawa dalma ce. Ɗan ci-rani da ya aiko kuɗin sola daga Aljeriya ko Abijan kuwa, ya tambayi inda aka aje tsohon batirin, don sau da yawa yana nan a zaure ko gindin bango inda yara ke wasa.